Kashi na Bakwai

Bana ma ruwa ya yi mana irin halinsa. Ya sauko sau ɗaya a farkon wata, ya jiƙa ƙasa daidai yadda zai yaudari mutum, kowa ya ɗauki sungumi, sannan ya ɗauke ƙafa. Gero ya tsiro ya tsaya cak, ganyensa ya nannaɗe kamar an murza shi a tafin hannu. Da yamma hadari yakan haɗu ta gabas ya yi baƙi ƙirin, sai iska ta taso ta kwashe shi ta yi wajen Katsina da shi. Shekaranjiya ina zaune a zaure ina kallon wannan wasan, sai 'yata Rabi, wadda take koyarwa a Kabo, ta miƙo mini wayarta. Wai an buɗe gasar rubutu, kuma ƙungiyarsu ta masu karatu, da suke haɗuwa a cikin waya ba wanda yake ganin idon wani, za ta tura labarai.

"Baba, ba ka da wani tsohon abu a akwatin nan naka?" ta ce. "Yanzu hoto kawai za a ɗauka, kafin ka ƙifta ido ya je."

Na ce mata akwai, amma ba nawa ba ne. Ta jira in ƙara wani abu, ban ƙara ba, ta tashi ta shiga wurin uwarta. Ni kuwa tuni na koma wata shekarar da ruwa ya yi mana irin wannan, muna cikin azumi.

Zamanin tsuke bakin aljihu ne, lokacin da sabulu da madara suka zama abin bin layi. Ina aiki a laburaren gwamnati a Gwarzo. Ɗaki ɗaya ne dogo mai rufin kwano, da kanta shida, da benci huɗu, da wata darbejiya a bakin ƙofa. Jaridu sun daina zuwa, sabon littafi kuwa mun manta kamanninsa. Da zaman gari ya fi ƙarfina, sai na mayar da iyalina ƙauyenmu Jama'a wurin mahaifina, inda aƙalla akwai rumbu, ni kuma na tare a ɗan siton da yake bayan laburaren. Tabarma ce da buta da tukunya ɗaya, sai duwatsun murhu uku a gindin katanga. Yini nake yi ba wanda ya kira sunana. Wata rana har nakan yi wa kaina gyaran murya don in tabbatar tana nan.

Laraba ce kaɗai ranar da nake jin ni ma mutum ne. Bayan la'asar masu karatu sukan taru, mu takwas har da ni. Babbanmu shi ne Baba Ilu maɗinki, wanda yanar ido ta fara rufe masa gani, har sai an zura masa zare a allura. Akwai Malama Binta da take koyarwa a firamare, tana zama a kujerarta daban kusa da taga. Akwai Sale, manomi daga Masanawa, wanda ya yi yaƙi da jahilci da girmansa, yake tako keke tun daga ƙasar Kabo don kawai ya ji labari ya kuma yi gardama. Sauran huɗun, malamin asibiti ne da wasu 'yan kasuwa.

Muna da wata al'ada da ban taɓa jin ta a wani wuri ba. Littattafanmu kwafi ɗaya-ɗaya ne, yawancinsu ɗinkinsu ya saki, takardun suna zubowa. Baba Ilu ne ya ce, ai ko a sauka ba mutum ɗaya ke karanta izu sittin ba, rabawa ake yi. Sai muka ɗauki wannan. Duk littafin da ya ɓalle, a raba shi kashi-kashi, kowa ya tafi gida da nasa, ranar Laraba a zauna a bi da bi, kowa ya karanto ko ya ba da labarin abin da ya faru a hannunsa. Wanda ya sami tsakiya yakan zo yana tambayar wane ne wannan mutumin da ake ta nema, kuma me ya sata. A ƙa'idar aikina wannan laifi ne babba, na sani sarai, amma na runtse ido. Sale shi kullum ƙarshe yake nema.

"Ni a ba ni ƙarshe," yakan ce, "in san wa ya mutu wa ya yi aure, ku kuma ku yi ta wahala."

Ana saura kwanaki a ɗauki azumi muka ji a rediyo cewa an sa gasar rubutun Hausa, a tura labari da boko, an buga shi da tafireta, kuma za a rufe karɓa mako guda bayan ƙaramar salla. Muka yi ta surutu kan wa zai iya, kowa yana tura wa ɗan'uwansa. Laraba mai zuwa sai ga Baba Ilu da gafaka a hammata. Ya kwance ta a kan benci, ga takardu warwara, rubutun ajami da tawadar gida, kowace takarda da bisimilla a samanta. Ya ce shekara huɗu yana rubuta shi bayan ya rufe keken ɗinki, labarin wata yunwa ce da aka yi yana ɗan shekara tara. Ba wanda ya taɓa karantawa, ko iyalinsa.

Dukkanmu mun bi ta makarantar allo, ajami ba baƙonmu ba ne. Ba mu ko tsaya shawara ba, muka yi masa abin da muka saba. Muka raba shi kashi bakwai, kowa zai mayar da nasa boko, Malama Binta ta buga a tafiretar makarantarsu. Baba Ilu ya yago ƙyallayen atamfa daga ragowar ɗinki ya ɗaure kowane kashi da hannunsa. Sale ya miƙa hannu tun kafin a zo kansa, ya karɓi na bakwai, ɗaurin ƙyalle shuɗi. Ba wanda ya tuna cewa wannan ba littafin ɗab'i ba ne da za a sami wani kwafin a Kano. Ni da nake taƙama na yi kwas na adana littattafai, ni ne na ƙirga takardun da yawu a yatsa na miƙa wa kowa.

Azumin shekarar ya faɗo a tsakiyar bazara. Tun hantsi kwanon laburare yake fara ƙara kamar ana jifansa da tsakuwa, zuwa azahar ba ka iya dafa ƙarfen taga. Nakan jiƙa buhu in rataya a ƙofa, kafin in juya ya bushe. Leɓe ya tsage, yawu ya yi kauri, in ka miƙe da sauri sai ka ga duhu. Ba mai shigowa. Nakan kwanta a sumunti tsakanin kanta biyu, inda ya fi sanyi, in yi ta kwafar kashina, na biyu ne, gumi yana ɗiga a kan takarda ina gogewa da hannun riga. Da magariba nakan dama kunun tsamiya ba sukari, in kwaɗa zogale da ɗan ƙuli idan an samu. Ta kan katanga nakan jiyo maƙwabta suna kiran yara a zo a sha ruwa, ana rigimar ludayi. Wannan rigimar ita ta fi yunwar ci mini rai. Sahur kuwa garin kwaki ne da ruwan randa.

Ran goma ga azumi aka yi ruwa. Ƙasa ta yi wannan ƙamshin da yake sa mai azumi ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Washegari da sassafe muka yi wa Baba Ilu gayya a gonarsa ta bayan gari, don shi ba ya ganin rami. Sale da malamin asibiti suna gaba da sungumi, mu muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Baba Ilu yana zaune a gindin marke yana ba da umarnin da ba mai bi. Sale ya yi ta tsokanarsa.

"Baba, in ka ci gasar nan, tabarau za ka fara saya ko amarya?"

"Bakinka zan fara ɗinkewa, kyauta," in ji Baba Ilu. "Ka karanta naka kuwa?"

"Ina ajiye da shi. Sai na gama shuka in zauna masa da natsuwa."

Muka tashi kafin rana ta yi tsaka, kowa ƙafarsa da taɓo, muna jin kamar shekarar ta gyaru. Wannan ce ranar ƙarshe da na ga mu takwas a wuri ɗaya.

Ruwan bai dawo ba. Mako guda, mako biyu, shuka ta fito ta yi tsawon ɗan yatsa ta ƙone a tsaye. Aka fita roƙon ruwa har sau biyu, tsofaffi suna kuka a filin idi. Masu sauran iri suka yi binne, suka zauna suna kallon sama. Waɗanda ba su da shi suka fara cin abin da suka ajiye don salla. A kasuwa hatsi ya yi ɓatan dabo, mata suna dawowa daga jeji da ganyen tafasa a bakin zane. Larabarmu ta fara raguwa. Muka koma biyar, muka koma uku, ni da Baba Ilu da Malama Binta. Ba na ganin laifin kowa, wanda cikinsa da na iyalinsa ba komai ba zai zo jin labarin yunwar wani ba. Amma ban da Sale, duk sun cika alkawari, kowa ya aiko da kashinsa a kwafe. Malama Binta tana bugawa bayan an tashi yara, ribin ɗin tafiretar ya ƙoƙe har sai ta ɗiga masa kananzir kafin baƙi ya fito.

Haka muka karanta kashi shida a jere. Labarin ba ado a cikinsa. Yaro ne da ƙanwarsa Kulu da uwarsu, uban ya tafi neman abinci bai dawo ba. An sayar da akuya, an ci dusa, an tona gidan tururuwa don hatsin da suka tara. Kashi na shida ya ƙare ne inda Kulu take kwance da zazzaɓi, uwar ta dama ragowar garin da ya rage a ƙwarya, ta ce su raba in Kulu ta farka, ita kuma ta fita neman ganye. Nan aka tsaya. Sauran yana wurin Sale, kuma Laraba biyu ke nan ba a ga kekensa ba.

Ana saura kwana biyar salla na ari keke na nufi Masanawa. Ban taɓa shan rana irin ta ranar ba. Gonaki dama da hagu fari fat, sai kunyoyi babu komai a kansu. Sau uku ina sauka in zauna a inuwa har idona ya washe. Na isa ƙofar gidan wajen azahar, na yi sallama. Mahaifiyarsa ce ta amsa daga bayan ƙyauren zaure.

"Sannu da zuwa. Ina wuni, ya ibada?"

"Lafiya lau, Inna, alhamdu lillahi. Ya gida, ya jiran ruwa?"

"Sai godiya. Ya mutanen Gwarzo, ya aiki?"

Sai da muka gama duk wannan na tambayi Sale. Ta ce ya yi tafiya.

"Yau kwana takwas. Irin ya ƙare, rumbu ya ƙare. Wata mota ce ta zo za ta kudu, ya bi 'yan'uwansa. Matarsa ma tana gidansu."

Na ce, "Inna, bai bar wasu takardun labari ba? Na wani tsoho ne, amana ce."

"Takardun labari? A'a, ɗan nan. Ni na share ɗakin da hannuna bayan ya tafi, ban ga labari ba."

Ta sa aka buɗe mini ɗakin. Na ɗaga tabarma, na duba bayan randa, na zazzage wani tsohon buhu. Babu. Ban ce mata da ajami ne ba, ban ambaci ƙyalle shuɗi ba. Kaina yana sarawa, tunanina kawai ya tafi da su kudu. Ta ba ni haƙuri cewa ba abin da za ta ba ni in tafi da shi don buɗa-baki, na ce ba komai, na juya.

Washegari na sami Baba Ilu a shagonsa, yana ta fama da ɗinkin salla guda biyu rak da aka kawo masa. Na gaya masa Sale ya yi tafiya. Na ce tun da labarin a kansa yake, ya faɗa mini ƙarshen in rubuta, kwana ɗaya ya isa. Ya tsayar da keken.

"Malam Tasi'u, shekara hamsin da ɗoriya ina ɗauke da wannan kafin na iya sauke shi a takarda. Sau ɗaya na iya. Ba zan iya na biyu ba, balle da baki, kana kallona."

"Baba, za a rufe gasar."

"A rufe. A jira Sale. Ba don gasa na rubuta ba, ku kuka kawo zancen gasa."

Ya faɗi abin da yake so ƙarara, ba zan ce ban gane ba. Amma na koma sito na kasa zama. Abin da nake gani shi ne, in littafin nan bai tafi ba, ba abin da zai sake tara mutanen nan. In kuwa aka ambaci sunan Gwarzo a rediyo, za su dawo, benci zai cika, a yi gardama, wani ya kira sunana. Ba Baba Ilu nake tausaya wa ba, kaina nake tausaya wa. Yau ina iya faɗin haka, a lokacin kuwa cewa na yi taimakonsa nake yi.

Kwana uku na yi ina rubutu a kwance tsakanin kantocin nan. Na riga na san muryarsa, na san inda yake sa "to" da inda yake sa "shi ke nan". Na sa Kulu ta farka suka raba kunun, yayan ya bar mata kaso mafi yawa. Na sa hadari ya haɗu, ruwa ya kece, uwar ta dawo a jiƙe tana dariya. Na sa zazzaɓin ya sauka da asuba, Kulu ta tashi, ta girma, ta yi aure, ta ga jikoki. Ina rubutawa ina jin ƙamshin ruwan da muke nema a waje. Bayan salla da kwana biyu na kai wa Malama Binta, na ce wani direba ne ya kawo saƙon Sale, hannunsa ba ya karantuwa shi ya sa na sake kwafa. Ta karanta a tsaye, ta ɗago ta dube ni.

"Ƙarshen nan ya yi daɗi da yawa, Malam."

"Haka ya zo," na ce.

Ta zauna ta buga. Baba Ilu ma na gaya masa an samu. Ya ɗaga hannu sama ya yi hamdala, ya ce a dawo masa da takardunsa in an gama. Na ce suna wurin Malama. Ita kuma na ce mata suna wurinsa. Na kai ambulan gidan waya da kaina.

Bayan mako guda ruwa ya dawo, kamar ba shi ya yi mana abin da ya yi ba. Aka sake shuka da irin aro da na sadaka. Daga nan aka shiga noma da ciki ba komai, wanda ya fi azumin wuya, don shi ba magaribar da za a jira. Rama da tafasa suka riƙe mutane. Muna cikin marka, rufin laburare yana yoyo na jera gwangwanaye a ƙarƙashi, sai ga wasiƙa. Littafin bai zo na ɗaya ba, amma yana cikin waɗanda aka yaba, kuma za a karanta wani yanki nasa a rediyo da yamma.

Abin da na nema na samu. Ranar kowa ya zo ban da Sale, har da waɗanda ba su taɓa leƙo mu ba. Benci huɗu suka cika, wasu a tsaye a bakin taga. Malamin asibiti ya kawo sabon batir. Aka zaunar da Baba Ilu a gaba da farar rigarsa ta salla, rediyo a kan cinyarsa. Ina ta addu'a a zuci su ɗauko daga farko ko tsakiya. Mai karatun ya ambaci sunansa da garinsa, ɗaki ya ɗauki kabbara. Sannan ya ce ya zaɓi ƙarshen ne, don shi ya fi taɓa masa zuciya.

Ban kalli kowa ba sai Baba Ilu. Da aka zo inda yaron ya bar wa Kulu kaso mafi yawa, sai ya sunkuyar da kai. Da ruwa ya kece a rediyo, a waje ma ana yayyafi, wasu suna share hawaye. Da aka gama aka yi ta miƙa masa hannu ana barka, yana karɓa ɗaya bayan ɗaya. Sai da mutane suka ragu ya miƙa wa mai rediyo rediyonsa, ya laluba sandarsa. Na matso in kama masa hannu. Ya yi magana a hankali, yadda ni kaɗai zan ji.

"Kulu ta tashi ke nan."

Ya juyo da fuskarsa wajena ya ci gaba.

"Ka iya rubutu, Malam Tasi'u. Ka yi mata abin da ban yi mata ba. To amma yanzu wa zai ce Allah Ya ji ƙanta?"

Ya zare hannunsa daga nawa ba da faɗa ba, ya fita cikin yayyafin. Bai sake zuwa Laraba ba, bai kuma gaya wa kowa abin da na yi ba. Na je shagonsa na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe ɗin. Amma daga ranar, in na je, sai ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali da aiki da mutanen Jama'a ɗaya bayan ɗaya, in ta ƙare sai ya ci gaba da taka keke. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ba shi, Laraba ta zama ba gishiri. Aka yi wa Malama Binta canji, 'yan kasuwa suka koma kasuwarsu. Kafin kaka na koma ni kaɗai da gwangwanayen yoyo. Bayan shekara guda da wani abu Baba Ilu ya rasu, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Sale ya dawo bayan shekara uku, ya tarar Inna ma ta rasu. Na tare shi da tambaya tun kafin ya jingine keke. Ya rantse a ɗaki ya bar su, a kan taga. Ya ce, "Wallahi ko kwance ƙyallen ban yi ba. Ni da nake son ƙarshe, yunwa ba ta bar ni na ga wannan ba."

Shekara goma sha biyar ko sha shida suka wuce. Aka ƙaddamar da Shari'a, gari ya ɗauki harama, ko'ina ana faɗaɗa masallatai. A laburare aka ware ranakun maza da na mata, sai dai ba mazan ba matan. Ina nan dai a kujerata, gashi ya fara fari, iyalina sun dawo gari. Wata safiya a farkon damina sai ga Sale, ya tsufa shi ma, ya ajiye wani abu a kan teburina. Ƙyallen ya ƙoƙe ya koma ruwan toka, amma na gane ɗaurin.

Tsohon masallacin ƙasa na unguwarsu aka rushe za a yi na bulo. A tsakanin azara aka sami tarin tsofaffin takardun Alƙur'ani, irin waɗanda mutane suke kaiwa a soke a can don kada a taka. Liman yana tattara su zai binne, sai ya ga wani ɗauri daban, ya duba ya ga Hausa ce. Inna ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ga tawada, ta ga bisimilla, a wurinta wannan karatu ne ba labari ba, kuma karatu ba ya zama a ɗakin da ba kowa. Ranar da nake zazzage buhu a ɗakin Sale, takardun suna masallacin da na yi azahar a cikinsa kafin in juyo, a saman kaina.

Takarda tara ce, gara ta ci gefen biyu. Ga abin da yake ciki. Uwar ta fita. Yaron ya zauna yana kallon ƙwaryar. Ya sha rabinsa, ya rufe. Ya sake buɗewa ya ce kurɓa ɗaya. Da ya ankara ba komai a ciki. Kulu ta farka ta ce yaya ina kunun, ya ce mata kaza ce ta zubar. Ta ce to, ta koma ta kwanta. Da uwar ta dawo ta tambaya ko sun sha, ya ce sun sha. Washegari da hantsi Kulu ta cika, da yamma aka yi ruwa. Bai taɓa gaya wa uwarsa ba har ta bar duniya. A takarda ta ƙarshe Baba Ilu ya ce ba ya da abin da zai biya Kulu da shi sai bakunan mutane, don haka yana roƙon duk wanda labarin nan ya iso kunnensa ya zama shaida ya faɗa, sannan ya yi mata addu'a da sunanta.

Dubban mutane sun saurari rediyon nan a ranar. Duk sun tashi suna murna Kulu ta ga jikoki.

Na aika wa duk wanda ya rage cikin mutanenmu cewa a zo Laraba, kashi na bakwai ya samu. Sale ya ce zai yi ƙoƙari, amma an shiga noman farko. Malama Binta tana Kano, saƙon ma ban san ko ya same ta ba. Biyu sun rasu, sauran suka ce in Allah Ya yarda. Bayan la'asar na share ɗakin, na jera bencin yadda muke jera su, na ajiye kujera kusa da taga. Na zauna har inuwar darbejiya ta kai bakin titi. Ba wanda ya zo.

A al'adarmu ba a cewa an gama littafi sai an karanta kowane kashi a fili. Sai na kwance ƙyallen na fara, da ƙarfi, yadda na bayan benci zai ji. Muryata tana dawo mini daga bango. Na karanta har inda ya yi roƙonsa, na ajiye takardar, na ɗaga hannu na ce Allah Ya ji ƙan Kulu, Ya ji ƙan yayanta. Na ɗan saurara, don mun saba in ɗaya ya yi addu'a sauran ne suke amsawa. Da na ji shiru, sai na ce amin da kaina.